Malamin da zai fita da ɗaliban injiniyanci ƙasar waje: ta ina zai fara?

Tambayar ta fito ne daga wani ƙanena a wannan aiki, malamin injiniyancin gine-gine da bai daɗe da fara koyarwa ba a nan arewacin Kamaru. Ya ce shugaban sashensu ya ɗora masa nauyin shirya tafiyar karatu ta mako biyu ko uku zuwa wata ƙasa, shi da kansa zai ja ragamar ɗalibai 'yan shekara ta huɗu. Yana so ya san ta ina ake farawa, wace ƙasa ta fi dacewa, kuma ina ake samo kuɗi, ga shi ɗaliban sun riga sun sa rai da Faransa ko Maroko.

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya taya ka riƙo. Na daɗe ina koyar da ilimin ruwa da magudanai, na kuma fita da ɗalibai ba sau ɗaya ba. Wasu fitar sun yi albarka. Akwai kuma wadda har yau in na tuna ta sai raina ya sosu, don iyaye sun sayar da hatsi da dabbobi sun biya, yara sun dawo da hotuna cike da waya, kawunansu kuwa yadda suka tafi haka suka dawo. Daga waɗannan biyun nake ba ka amsa.

Roƙona na farko, ka ajiye maganar ƙasa tukuna. Ɗauki takarda ka rubuta tambaya ɗaya ta injiniyanci wadda ɗalibanka ba za su iya amsa ta ba muddin suna zaune a aji a Garwa ko Marwa ko Ngaundare. Idan ka samu wannan tambaya, ita ce za ta faɗa maka ƙasar da za ku je, da watan da za ku tashi, da yawan ɗaliban da za ka iya ɗauka, da irin malamin da za ka nema a can. Ni ba na taɓa maganar mota ko masauki sai na iya rubuta tambayar jarrabawar da zan yi wa ɗaliban bayan an dawo.

Wannan salo na malami ya ɗauki ajinsa ya fita da su na ɗan lokaci a jami'o'in Amurka ya fi ƙarfi. Rahoton Open Doors da ake fitarwa duk shekara yana nuna cewa fiye da rabin ɗaliban Amurka masu fita karatu waje gajeriyar tafiya suke yi, ta lokacin dogon hutu ko wadda ba ta wuce mako takwas ba. Masu koyar da injiniyanci sun rungumi tsarin ne saboda dalilin da mu ma muka sani: karatun injiniya sarƙa ne, kowane darasi yana riƙe da na gabansa, wanda ya bar zango guda ya tafi sau da yawa shekara ce ya rasa. A Faransa kuma hukumar CTI, mai tantance makarantun injiniyoyi, ta sa fita ƙasar waje cikin sharuɗɗan samun shaidar injiniya. Mu da muke bin tsarin LMD (digirin farko, na biyu da na uku), mai kiredi 30 a kowane zango, ba mu da sarari mai yawa. Mako biyu ko uku a hannun malamin da ya san manhajar shi ne abin da aljihunmu da jadawalinmu za su iya ɗauka.

Bari in nuna maka irin tambayar da nake nufi, tunda ga ta a bakin ƙofarmu. Madatsar Lagdo, wadda wani kamfanin China ya gina a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, tana da injina huɗu masu ba da megawat 72 gaba ɗaya, ita ce ta daɗe tana riƙe da wutar arewa. Duk ɗalibinmu ya san Lagdo ta wannan fuska. Amma ka tsallaka Yola ka ambaci sunan, za ka ji wani labari dabam. A can Lagdo na nufin ambaliyar 2012 da ta 2022, da gonakin da ruwa ya cinye, da sanarwar da ake yi a rediyo cewa Kamaru za ta saki ruwa. Za a kuma ba ka labarin madatsar Dasin Hausa, a ƙaramar hukumar Fufore, wadda aka tsara don ta tare ruwan ta ɓangaren Najeriya amma har yau ba a gina ta ba. To ga tambayar: ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Jimeta a watan Satumba, nawa ne a cikinsa ya fito daga ƙofofin Lagdo? Domin bayan madatsar, Mayo Kebbi yana shigowa kafin a iso Garwa, kogin Faro yana shigowa wajen iyaka, kuma babu madatsar Lagdo a gaban ko ɗaya daga cikinsu. Can ƙasa a Numan kuma Gongola ya zubo nasa, bayan ya ratso madatsun Dadin Kowa da Kiri. Ɗalibin da zai amsa wannan sai ya san lissafin gudun ruwa, sai ya karanta bayanan ma'aunan kogi na ƙasashe biyu, sai ya zauna da injiniyoyin hukumar raya kogin Binuwai ta sama da ke Yola, sai ya fahimci yadda mai kula da madatsa yake yanke shawarar buɗe ƙofa alhali yana tsoron kada bangon ya karye. Darasin zango guda ke nan a cikin kwana goma sha huɗu, kuma daga Garwa zuwa Yola tafiyar yini ce idan hanya ta yi kyau.

Na ga abin da irin wannan fita take yi wa ɗalibi. Wata safiya mun tsaya a wani ƙaramin reshen kogi, ruwa ya ja baya har ana iya ratsa shi da ƙafa. Na'urar auna gudun ruwa ɗaya ce gare mu, ɗalibai goma sha biyu. Sai na raba su: rukuni ɗaya da na'urar, sauran da tef da agogon waya da lemo. Suka auna mita ashirin a gaɓa, suka jefa lemo a tsakiyar ruwa, suka ƙirga daƙiƙoƙi, sau biyar. Suka auna zurfi da sanda taki bayan taki don su fitar da faɗin bakin ruwan. Da suka ninka, adadinsu ya fi na na'urar. Aka yi ta gardama a kan yashi har wani yaro mai shiru-shiru ya tuna cewa ruwan sama ya fi na ƙasa gudu, dole a rage, shi ya sa littafi ya ce a ninka da wajen 0.85. Na koyar da wannan adadi a allo shekara da shekaru, ban taɓa ganin ya zauna a kan ɗalibi kamar ranar ba.

Da yammacin ranar muka shiga wani ƙauye na bakin kogi. Wani dattijo ya kai mu bayan masallaci ya nuna layin da ruwa ya bari a jikin bango, ya kai ƙirjin mutum. Wata ɗalibata ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ruwan da dare ya zo ko da rana? Kwana nawa ya yi kafin ya fara sauka?" Ya amsa mata dalla-dalla, tana rubutawa, abokan aikinta suna ɗaukar tsayin layin da na'urar awo. A nan nake so ka lura da wata dukiya da ɗalibanmu suke da ita ba a lissafa ta. A aji Faransanci muke yi, a Yola Ingilishi suke yi, kuma a rana ta farko za ka ga ɓangarorin biyu suna jin nauyin juna. Amma da an fita fili, Hausa da Fulatanci su ne ke ɗaukar aikin. Ɗalibin Garwa da na Jimeta harshe ɗaya suke yi da manomi da masunci da mai kwalekwale. Kai shi birnin Turai, sai ya zama ɗan kallo mai bin bayan tafinta.

Akwai ƙananan bambance-bambance da ke buɗe ido su ma. Mu mun taso da ƙa'idar kankare ta Faransa, BAEL, yanzu ana ta komawa ta Turai, wato Eurocode. Injiniyan Najeriya ya taso da ta Ingila, BS 8110. Maginin Yola zai ce maka bulo inci shida ko inci tara, namu ya ce na 15 ko na 20. Ba wa ɗalibai bim ɗaya na kankare su lissafa rodinsa ta hanyoyin biyu, su zauna su gano inda aka rabu da dalili. Ko soket ɗin bango ba iri ɗaya ba ne, nasu mai ƙafa uku, namu mai biyu, don haka ka sayi mahaɗa tun daga gida kada kwamfutoci su mutu a daren farko.

Ba ina cewa Yola kaɗai ba ce. Idan tambayarka ta man fetur ce, Chadi na kusa: matatar Jarmaya da ke arewa da Njamena ta fara aiki a 2011, kuma bututun da ya taso daga yankin Doba zuwa Kiribi, mai tsawon kilomita 1,070, an gama shi a 2003. Hedikwatar Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, tana Njamena, tsallaken gadar Ngeli daga Kusiri. Idan ta noman rani ce, madatsar Maga ta 1979 da abin da ta yi wa fadamun Logon sun isa a kwatanta da madatsar Tiga da gonakin Kadawa a Kano. Idan ta ruwa da tsabtar gari ce, makarantar 2iE a Wagadugu tana da ɗakunan gwaji masu kyau, cibiyar Agrhymet kuma a Yamai ta ƙware a yanayi da ruwa. Maroko tana da hujja idan kana koyar da wutar rana: ɗalibi ya fara ganin tashoshin sola na Marwa da Gidar, sannan ya je Warzazat ya ga tashar Noor, inda madubai ke tara zafin rana a adana shi cikin narkakken gishiri don a samu wuta bayan faɗuwar rana. Amma sai ya san na gida tukuna, in ba haka ba girman wurin kawai zai gani.

Turai kuwa ka san nauyinta kafin ka yi wa kowa alkawari. Kuɗin bizar Schengen, ta shiga Faransa da yawancin ƙasashen Turai, Yuro 90 ne tun 2024, wajen sefa 59,000. Dokar bizar ta yafe wannan kuɗi ga ɗalibai da malaman da ke raka su tafiyar karatu, saboda haka ka nemi a yi muku wannan rangwame da takardun makaranta a hannu. Sauran nauyin yana nan: kuɗin kamfanin da ke karɓar takardu, inshorar lafiya mai iya biyan magani na aƙalla Yuro 30,000 ga kowane mutum, zuwan kowa da kansa a ɗauki zanen yatsunsa, sai tikitin jirgi. Kuma ana iya hana mutum uku cikin goma sha biyar mako guda kafin tashi, ka rasa abin da za ka faɗa wa iyayensu. Tsakanin ƙasashen CEMAC kuwa, wato ƙungiyar tattalin arziƙin Afirka ta Tsakiya da Kamaru da Chadi suke ciki, an buɗe zirga-zirga ba biza tun 2017.

Bayan tambaya, abu mafi nauyi shi ne mai masaukinka. Yarjejeniyar da shugabannin jami'o'i biyu suka sa wa hannu tana da amfani, ka neme ta, amma takarda ba ta buɗe ɗakin gwaji ranar Asabar. Kana buƙatar malami ɗaya a can, mai irin fanninka, wanda shi ma zai sa ɗalibansa cikin aikin ya ba su maki a kai. A jami'ar Modibbo Adama ta Yola, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano, irin wannan mutum yana nan, sai dai nemansa. Kuma zuwa da kai ya fi aike. Ka je kai kaɗai wata uku ko huɗu kafin tafiyar, ka kwana a ɗakin da ɗaliban za su kwana, ka duba banɗaki da ruwa, ka bi hanyar da motar za ta bi da agogo a hannu, ka gaisa da mai gadin kowane wuri. Sau ɗaya na tsallake wannan mataki saboda ƙarancin kuɗi, na dogara da wasiƙar da wata ma'aikata ta aiko cewa ta amince mu ziyarce ta. Muka isa ƙofa da safe, jami'in da ya sa hannu an canza masa wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san da mu ba. Ɗalibai suka wuni a rana. Wannan yini ɗaya cikin goma sha biyu ne, kuma kuɗin iyaye ne.

Ta ɓangaren ofis, kada ka ƙirƙiri sabon darasi a shekarar farko, don amincewa da shi zai ci lokacin da ba ka da shi. Ka rataya tafiyar a jikin darasin da yake cikin manhaja, kamar aikin fili ko aikin rukuni na shekara ta huɗu, majalisar sashe ta rubuta a bayanin zamanta cewa makin daga tafiyar zai fito. Sai takardar izinin aiki, wadda a ofis ake kira ordre de mission, da sunan kowane ɗalibi a jiki, ka yi kwafi da yawa don shingayen jandarma da 'yan sanda. Kowa da fasfo ko katin da iyakar ke karɓa, da katin allurar shawara. Kayan awo kuma, ka jera su a takarda da lambar jikin kowanne, 'yan duwan, wato kwastam, su buga hatimi kafin ku fita, in ba haka ba a dawowa za a ɗauke su sababbin kaya. Jirgi maras matuƙi ka bar shi a gida sai in kana da izini a rubuce daga ƙasar da za ku. Ka kuma gargaɗi ɗalibai tun a aji cewa madatsa da gada da matata wurare ne na tsaro, ba a ɗaga waya sai an tambaya.

Maganar kuɗi ita ce ta fi damuna, don nan ne ake zaluntar ɗan talaka ba a sani ba. Idan ka ce duk mai iya biya ya rubuta suna, ka riga ka zaɓi 'ya'yan masu hali, alhali sau da yawa wanda ya fi kowa kai a ajin shi ne mai zuwa makaranta a ƙafa. Yi lissafin tafiyar gaba ɗaya, ka ƙara kashi goma zuwa sha biyar na ko-ta-kwana tunda naira ba ta tsayawa wuri ɗaya, kuma sefar yamma ba tamu ba ce, sai an canza. Sannan ka raba nauyin: makaranta ta ɗauki mota da mai, mai masauki ya ba da ɗakunan kwanan ɗalibai lokacin hutu, kamfanonin da ke ɗaukar injiniyoyinmu aiki, irin na siminti a Figil da na auduga a Garwa, a kai musu takarda da wuri, tsofaffin ɗalibai su ma a taɓa su. Abin da ya rage wa ɗalibi ya zama kaɗan, a yarda ya biya kashi-kashi, a kuma ware gurbi biyu ko uku kyauta. Zaɓe kuma ya kasance da rubutu: kowa ya kawo shafi ɗaya kan yadda zai tunkari tambayar. Tallafin waje akwai shi, amma yana da tsarinsa. A shirin Erasmus+ na Tarayyar Turai, jami'ar Turai ce ke neman kuɗin da sunan haɗin gwiwarku, ƙungiyar AUF ta jami'o'i masu amfani da Faransanci kuma tana da ofishin yanki a Yawunde. Waɗannan na shekara ta biyu ko ta uku ne, lokacin da kake da rahoton tafiyar farko da za ka ajiye a kan tebur.

Ɗalibai mata, don Allah kada a bar su a baya da sunan sauƙaƙa aiki. Ka nemi malama ta raka ku, masaukinsu ya zama dabam mai ƙofa da makulli, ka rubuta wa iyaye wasiƙa da Hausa ko Fulatanci mai bayyana inda za a kwana kowane dare da lambar da za su kira. Akwai mahaifin da sai da na je har zaurensa na zauna a tabarma na yi masa bayani, ya ce, "Malam, amana ce na ba ka." Ya bar ta ta tafi. Ita ce ta yi wa dattijon nan tambayoyi a bayan masallaci.

Tsaro ba abin da za a yi wa gaggawa ba ne a yankinmu. Ka tambayi hukuma halin da hanya take ciki a makon tafiya, musamman idan za ku bi ta Mora zuwa Kusiri, kada a yi tafiyar dare ko kusa, kuma ka shirya wuri na biyu da za a koma idan na farko ya rufe. Malami ɗaya ga ɗalibai takwas ya isa nauyi, goma sha biyu zuwa sha shida shi ne yawan da nake iya sanin inda kowa yake. Hular kwano da takalmi mai rufi a wurin aiki, rigar ruwa a kwalekwale, gidan sauro, maganin zazzaɓi, da sanin asibitin da ya fi kusa da kowane zango. Binuwai yana da dorina, a tambayi masunta kafin kowa ya sa ƙafa a ruwa. Lokaci kuwa, Disamba zuwa Fabrairu ya fi: hanya ta bushe, zafin Maris da Afrilu bai sauko ba. Babban ruwa na Agusta da Satumba a karanta shi a bayanan ma'auni da jikin bango, ba na kai ɗalibi bakin kogi yana cike. Ka duba watan azumi ma kafin ka tsayar da rana.

A can kuma kowace rana ta kasance da fasali ɗaya: fili da safe, lissafi bayan azahar, bayan isha'i a zauna rabin awa kowane rukuni ya faɗi abin da ya auna da abin da ya ɗaure masa kai. Kowane rukuni a gauraya shi, namu biyu nasu biyu. Kowane ɗalibi da littafin fili mai bango mai ƙarfi, kana sa hannu a kai kowane dare. Maki na rabawa uku: littafin fili, rahoton rukuni, da bayanin da za su yi a gaban malaman ɓangarorin biyu ranar ƙarshe. Kafin tashi kuma a yi zama huɗu ko biyar a gida, a je Lagdo ɗin kanta idan ita ce tambayar, don kada su tsallaka iyaka da kai wayam.

Ka kuma sa a ranka tun yanzu cewa bashi za ka ci. Shekara mai zuwa ɗaliban mai masaukinka ne za su zo, kai za ka nemo musu izinin shiga ɗakin injinan Lagdo, ka samo musu wurin kwana a Garwa, ka tsaya musu a shingen jandarma. Ka faɗa wa shugaban sashenku wannan kafin ya sa hannu, a rubuta shi cikin kasafin baɗi. Idan Janairu kuke nufi, wasiƙar farko zuwa ga malamin can ya kamata ta fita kafin ƙarshen Afrilu, ziyararka ta share fage ta zo a Oktoba bayan ruwa ya ɗauke. Rubuto mini tambayar da ka tsayar kafin ka aika wasiƙar, mu duba ta tare.